Linzamin Motar Rimot: Yadda Ake Saita Sitiyari Don Tsananin Gudu

Ranar 25 ga watan Oktoba na shekarar 2014, a garin St. George da ke jihar Utah ta ƙasar Amurka, wata ƙaramar mota wadda ba ta da kujerar direba ta yi gudun kilomita 325.12 a awa. Mai ita, wani Ba'amurke mai suna Nic Case, daga nesa yake sarrafa ta da na'urar rimot. Littafin bajinta na Guinness ya shigar da wannan gudu a matsayin mafi sauri da wata motar rimot mai aiki da batir ta taɓa yi zuwa wannan lokaci, kuma shi ne karo na farko da irin wannan mota ta haye mil 200 a awa. A irin wannan sauri motar tana cin mita 90 a kowane sakan, wato kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu.

Wanda ya ji wannan labari zai ɗauka cewa asirin duka yana ga ƙarfin inji da batir. Amma masu wannan wasa sun san ba nan gizo yake saƙa ba. Inji mai ƙarfi sayensa ake yi. Abin da yake gagarar mutane shi ne riƙe motar a miƙe, daga inda ta tashi har inda za ta tsaya. Motoci da yawa sun tarwatse a gefen hanya alhali injinsu lafiya lau, don kawai yatsan direba ya motsa fiye da kima. Saboda haka saita sitiyari don tsananin gudu aiki ne na ragi: a rage zangon juyawa, a rage kaifin amsawa, a rage lako-lako, a rage jinkiri. Dalilan da suka sa haka kuwa suna cikin darussan fiziks na makarantar sakandare.

Wasan da ya zama fagen ilimi

Motocin rimot ana ƙera su ne bisa ma'aunin manyan motoci. Akwai masu girman kashi ɗaya cikin goma, da kashi ɗaya cikin takwas, da kashi ɗaya cikin bakwai. Yawancin masu su tseren zagaye suke yi a fili mai kwana-kwana. Amma akwai wani rukuni da babu ruwansa da kwana, burinsa kawai shi ne mafi girman sauri a miƙaƙƙiyar hanya. A Birtaniya ƙungiyar ROSSA takan shirya irin wannan gasa a filin jirgin sama na Llanbedr da ke yankin Wales, inda ake da shimfiɗaɗɗiyar kwalta mai tsawo.

Abubuwa uku ne suka buɗe wannan fage. Na farko, batir mai sinadarin litiyam, wanda ba shi da nauyi amma yana ba da wuta mai yawa. Na biyu, injin lantarki marar burushi, mai juyawa dubban sau a minti ba tare da saurin lalacewa ba. Na uku, rediyo mai aiki a zangon gigahaz 2.4, wanda ya yaɗu daga tsakiyar shekarun 2000. Kafin zuwansa ana amfani da zanguna irin su megahaz 27, inda rimot biyu masu tasha ɗaya sukan shiga wa juna, motar wani ta riƙa bin umarnin wani. A ƙarshen shekarar 2011 kamfanin Traxxas ya bayyana motarsa mai suna XO-1, wadda aka ƙera don ta haye kilomita 160 a awa. Daga nan gudun da a da sai ƙwararru ya zama abin da mai kuɗin saye zai iya nema, ko ya san yadda ake riƙe motar ko bai sani ba.

Daga yatsa zuwa taya

Kafin a yi maganar saiti, ya kamata a san hanyar da umarni yake bi. A jikin rimot akwai kunamar totur da ake ja da yatsa, da kuma ɗan ƙaramin sitiyari da ake murɗawa. Idan direba ya murɗa shi, rimot yakan mai da motsin zuwa saƙon rediyo. Wata 'yar na'ura da ke cikin motar ta karɓi saƙon, ta miƙa shi ga na'urar da ake kira sarbo, wadda ita ce hannun da yake juya ƙafafun gaba.

Sarbo ɗan akwati ne da bai kai girman ashana biyu ba. A cikinsa akwai ƙaramin inji, da jerin giyoyi, da ma'aunin da yake gaya masa inda hannunsa yake a kowane lokaci. Umarnin da yake karɓa bugun wutar lantarki ne, kuma tsawon bugun shi ne saƙon. Bugu mai tsawon milisakan 1.5 yana nufin tsakiya. Milisakan 1 yana nufin ƙarshen gefe ɗaya, milisakan 2 kuma ƙarshen ɗaya gefen. A tsohon tsari ana aiko bugun sau 50 a sakan, wato bayan kowane milisakan 20. Sarbo yakan kwatanta inda aka ce ya je da inda yake, ya motsa har bambancin ya ƙare. Daga hannunsa kuma sandunan haɗi suke kai motsin ga ƙafafu.

Ke nan sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa: ido, ƙwaƙwalwa, yatsa, rediyo, sarbo, sanduna, taya, kwalta. Kowace gaɓa tana iya ƙara jinkiri ko kuskure.

Ƙa'idar da take mulkin kwana

Duk abin da yake tafiya yana son ya ci gaba a miƙe. Kafin ya bi lanƙwasa sai an sami ƙarfin da zai riƙa jawo shi zuwa tsakiyar da'ira. Ƙa'idar ita ce F = mv²/r, inda m yake nufin nauyin abin, v saurinsa, r kuma tazarar da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta. A mota, riƙon da taya take yi wa kwalta shi kaɗai yake samar da wannan ƙarfi, kuma riƙon yana da iyaka. A busasshiyar kwalta mai kyau, ƙarfin da tayoyi za su iya bayarwa ta gefe bai cika wuce kwatankwacin nauyin motar kanta da yawa ba.

Abin lura a ƙa'idar shi ne ɗan lambar 2 da ke saman v. Idan sauri ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake bukata yakan ninka sau huɗu. Idan ya ninka sau huɗu, ƙarfin ya ninka sau goma sha shida. Tun da riƙon taya ba ya ƙaruwa, dole da'irar ce za ta faɗaɗa.

A ɗauki mota wadda tazarar ƙafafunta na gaba da na baya santimita 40 ce, kamar yawancin masu girman kashi ɗaya cikin bakwai. Idan aka lissafa da'ira mafi ƙanƙanta da za ta iya bi ba tare da sulɓewa ba, da kuma juyin ƙafafun gaba da ya dace da wannan da'ira, ga abin da za a samu:

A kilomita 20 a awa, r mita 3 ne, juyin ƙafa digiri 7.
A kilomita 40 a awa, r mita 13 ne, juyin ƙafa bai cika digiri 2 ba.
A kilomita 80 a awa, r mita 50 ne, juyin ƙafa bai kai rabin digiri ba.
A kilomita 160 a awa, r mita 200 ne, juyin ƙafa kashi ɗaya cikin tara na digiri ɗaya.

Wannan lissafi ya ɗauka cewa taya tana bin daidai inda ta fuskanta. A zahiri roba takan ɗan murɗe ta ɗan zame, don haka juyin da ake bukata yakan fi waɗannan alƙaluma kaɗan. Duk da haka darasin bai sake ba. Sitiyarin irin wannan mota yana iya juya ƙafa wajen digiri 30 zuwa kowane gefe. A kilomita 160 a awa kusan dukan wannan zango ba shi da amfani, hasali ma haɗari ne. Mahayin da ya saki doki a sukuwa ba ya fizgar linzami kamar yadda zai yi a ƙofar barga.

Akwai kuma wani lissafin. Idan hancin motar ya karkace da digiri ɗaya tak daga layin hanya, bayan tafiyar mita 200 za ta kauce da mita uku da rabi. A kilomita 160 a awa wannan tafiya sakan huɗu da rabi ce kawai. Ke nan direba ba zai iya ƙyale sitiyari ba, ba kuma zai iya murɗa shi yadda yake so ba.

Sharrin jinkiri

Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, mutum yakan ɗauki kimanin rubu'in sakan. A kilomita 160 a awa mota tana cin mita 44 a sakan, don haka kafin yatsa ya motsa ta yi mita 11. Ko jiran bugun rediyo ɗaya a tsohon tsari yana daidai da tafiyar kusan mita guda. Ga shi kuma motar tana can nesa, ta zama ɗan ɗigo a ido, karkatarta ba ta bayyana sai ta yi yawa. Idan kuma tana fuskanto direba, hagunta ya zama damansa.

Ga yadda hatsari yake faruwa. Mota ta fara zamewa hagu, direba ya gani a makare, ya murɗa dama. Kafin ya ga amfanin gyaransa, gyaran ya wuce kima, motar ta nufi dama da ƙarfi. Ya sake murɗawa hagu fiye da na farko. Kowane lilo ya fi na bayansa girma, har ƙafafun baya su saki kwalta, motar ta yi juyin waina.

Wannan matsala ba ta tsaya ga kayan wasa ba. Ranar 26 ga Oktoba 1977, a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, ɗan sama-jannati Fred Haise yana saukar da kumbon gwaji mai suna Enterprise, sai kumbon ya shiga irin wannan lilo dab da taɓa ƙasa, har ya yi tsalle a kan titin sauka kafin ya daidaita. Bincike ya nuna cewa jinkirin da ke tsakanin hannun matuƙi da motsin fikafikai yana cikin manyan dalilai, aka kuma gyara tsarin kwamfutar don ta rage kaifin umarni idan matuƙi ya fara kai-da-komo da sauri. Maganin da injiniyoyin kumbo suka samo da wanda masu motar rimot suke amfani da shi, tushensu ɗaya.

Ƙarfe kafin rediyo

Sabon shiga yakan fara da taɓa maɓallan rimot. Gwanaye kuwa daga jikin motar suke farawa, domin babu saitin rediyon da zai gyara ƙafar da take rawa.

Abu na farko shi ne lako-lako. Idan aka kunna motar aka kama ƙafar gaba aka girgiza, bai kamata ta motsa ba. A ce gaɓoɓin sanduna sun ci, suna wasa da rabin milimita, hannun da yake juya ƙafar kuma tsawonsa milimita 20 ne. Wannan ɗan wasa yana ba ƙafar damar juyawa kusan digiri ɗaya da rabi ba da umarnin kowa ba, wato fiye da ninki goma na juyin da lissafi ya nuna ya isa a kilomita 160 a awa. Saboda haka ake sake gaɓoɓin da suka ci, a duba boris ɗin ƙafafu, a ɗaure kowane noti. Yawancin motoci suna da wani sifirin tsakanin sarbo da sanduna, wanda yake kare giyoyin sarbo idan an yi karo. Masu neman gudu sukan tsaurara shi ƙwarai, wasu ma su cire shi su sa sandararren hannu, sun yarda su yi asarar sarbo a karo da dai motar ta riƙa yawo a hanya.

Abu na biyu shi ne fuskantar ƙafafu, abin da makanikai suke gyarawa idan an kai babbar mota alaimen. Idan aka dubi mota daga sama, ƙafafu biyu suna iya zama a miƙe sak, ko bakinsu na gaba ya ɗan tsuke, ko ya ɗan buɗe. Buɗewa a ƙafafun gaba tana sa mota ta faɗa kwana da zafi, abin da mai tseren zagaye yake so, amma tana sa ta rashin natsuwa a miƙaƙƙiyar hanya. Don haka a motar gudu akan bar na gaba a miƙe ko kusa da haka. Ƙafafun baya kuwa akan ɗan tsuke su, domin idan gindin mota ya fara zamewa, ƙafar da nauyi ya koma kanta takan tura shi ya dawo layi. Motocin tsere sukan zo da tsukewar digiri 2 zuwa 3 a baya. Sai dai tsukewa tana sa taya ta riƙa gurzar kwalta, ta yi zafi, ta ci gudu. Mai saiti yakan rage ta sannu a hankali, ya tsaya a inda motar ba ta fara kaɗa gindi ba.

Abu na uku shi ne kasta, wato kishingiɗar sandar da ƙafar gaba take juyawa a kanta. Duk wanda ya dubi keke zai ga cewa ƙahon gabansa ba a tsaye yake ba, samansa ya kwanta baya. Wannan ya sa inda taya take taɓa ƙasa yana bayan inda layin sandar ya sauka, sai tayar ta riƙa bin baya tana miƙe kanta, kamar ƙananan ƙafafun kujerar ofis. Ƙarin kasta yana ƙara wa mota son tafiya a miƙe, kuma yana danne ɗan lako-lakon da ya rage.

Akwai wani tsari da ake yawan ambata, wanda yake sa ƙafar cikin kwana ta fi ta waje juyawa. Wani maƙerin keken doki a birnin Munich, Georg Lankensperger, shi ya tsara shi, Rudolph Ackermann kuma ya yi masa rajista a Ingila a 1818, sunansa ya bi tsarin. Yana da muhimmanci a matsattsen kwana, amma a da'irar da r ɗinta ya kai mita 200 bambancin ƙafafun biyu bai taka kara ya karya ba.

Abu na huɗu shi ne taya. Taya mai faɗin santimita 10 tana juyawa kimanin sau 8,500 a minti idan mota tana kilomita 160 a awa. Idan aka sa wannan a ƙa'idar da ta gabata, za a ga cewa kowane giram ɗaya na robar bakin taya yana fizga da ƙarfin da ya kai nauyin kilo huɗu. Taya mai laushi takan kumbura ta zama kamar faifai, wani lokaci ta yage. Wadda gefe ɗaya ya fi nauyi kuma takan girgiza sitiyari sau 140 a sakan. Shi ya sa ake amfani da taya mai ɗamarar zare a ciki ko ta soso mai tauri, a kuma daidaita nauyinta kafin a ɗaura.

Saitin rimot

Sai jikin mota ya kammala ake komawa ga rimot, kuma a nan ma akwai tsari.

Da farko a daidaita tsakiya. A sa hannun sarbo ya zauna daidai, a gyara tsawon sanduna har ƙafafu su miƙe, sa'an nan a tuƙa motar a hankali a bar sitiyari. Idan tana janyewa gefe, a gyara da maɓallin tirim kaɗan-kaɗan. Idan tirim ɗin da ake bukata ya yi yawa, laifin yana ga sanduna, can za a koma.

Na biyu, a sa iyakar kowane gefe, abin da aka yi wa alamar EPA a jikin rimot. Amfaninsa shi ne kada sarbo ya ci gaba da turawa bayan ƙafa ta kai maƙura, kuma juyin hagu ya yi daidai da na dama.

Na uku, a taƙaita zango da maɓallin D/R, wanda yake rage juyin gefe biyu a lokaci guda. Idan cikakken juyi digiri 30 ne aka mai da shi kashi 30 cikin ɗari, ya koma digiri 9. A da, murɗa sitiyarin rimot kashi ɗaya cikin biyar yana juya ƙafa digiri 6. Yanzu bai kai digiri 2 ba. Amma kowane ragi da farashinsa: motar da a da take juyowa a cikin ɗaki, yanzu tana bukatar fili mai faɗin fiye da mita biyar. Shi ya sa wasu suke ajiye saiti biyu a maɓalli guda, ɗaya na gudu, ɗaya na juyowa a ƙarshen hanya.

Na huɗu shi ne ekspo, wato sassauta tsakiya. Ba ya rage iyakar juyi, yana sake yadda aka raba shi ne. A wani misali mai sauƙi na ekspo kashi 50, murɗawar kashi 20 cikin ɗari tana ba da kashi 10, murɗawar rabi tana ba da kashi 31, cikakkiyar murɗawa kuma ta ba da duka. Idan aka haɗa shi da taƙaitawar da aka yi a sama, digiri 6 na farko ya dawo ƙasa da digiri ɗaya. Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kamfanoni ba su daidaita kan alama ba: a rimot na Futaba lamba mai alamar ɗebewa ce take sassauta tsakiya, a na Spektrum kuwa mai alamar tarawa ce, don haka a duba ƙafafu da ido kafin a saki mota. Kuma idan ekspo ya yi yawa, tsakiya takan mutu, direba ya murɗa bai ga komai ba, ya ƙara, sai juyin ya zo masa gaba ɗaya.

Wasu rimot suna ba da damar rage saurin sarbo. Kaɗan daga ciki yana tausasa fizgar yatsa, amma da yawa ƙarin jinkiri ne, an kuwa ga abin da jinkiri yake haifarwa. Abin da ake nema shi ne sarbo mai amsawa nan take, mai ƙarfin riƙe matsayinsa, mai komawa tsakiya daidai a kowane lokaci, amma wanda aka ba ɗan ƙaramin zango.

Jairo: mataimakin da ba ya ƙifta ido

Tun da jinkirin ɗan Adam ba ya gyaruwa, sai aka sa wa motar abin da zai ji karkata kafin ido ya gani. Sunan jairo ya samo asali ne daga na'urar da masanin Faransa Léon Foucault ya raɗa wa suna a 1852. Na zamani ba shi da faifai mai juyawa. Ɗan guntun silikon ne mai kaɗawa, irin wanda yake cikin wayar hannu. Idan motar ta fara juya hanci, kaɗawar takan karkata saboda abin da Gaspard-Gustave de Coriolis ya bayyana a 1835, na'urar ta auna karkatar sau ɗaruruwa a sakan, ta umarci sarbo ya murɗa kishiyar gefen. Kamfanin Traxxas yana kiran nasa tsarin TSM, Spektrum kuma AVC.

Jairo yana da maɓallin ƙarfi, kuma nan mutane suke kuskure. Digiri ɗaya na juyin ƙafa yana juya hancin mota da sauri gwargwadon gudunta. Don haka ƙarfin da ya yi daidai a kilomita 60 yana iya yin yawa a kilomita 150, jairo ya riƙa wuce gona da iri, ya gyara gyaransa, motar ta shiga kaɗa gindi da sauri fiye da wanda mutum zai jawo. Ƙa'idar ita ce a fara da kaɗan, a ƙara sannu-sannu, da an ga alamar kaɗawa a koma baya. Kafin kowace fita kuma a ɗaga motar a juya hancinta hagu da sauri: dole ƙafafu su juya dama. Idan suka bi hancin, an haɗa jairo a juye, zai ƙara kowace karkata maimakon ya rage ta.

Hannun iska

Ƙarfin iska ma yana ƙaruwa da v². Idan iska ta shiga ƙarƙashin hanci ta ɗaga shi, nauyin da ke kan ƙafafun gaba yakan ragu, sitiyari ya daina kamawa, daga nan motar ta tashi sama ta kifa ta baya. Haka ta faru ga manyan motocin tsere na Mercedes-Benz CLR a gasar Le Mans ta Faransa a 1999, inda suka tashi sama har sau uku, biyu da Mark Webber, ɗaya da Peter Dumbreck, dukansu kuma suka tsira da rai. Maganin a ƙaramar mota shi ne a sa gaba ya ɗan fi baya kusa da ƙasa, a sa faranti a ƙarƙashin hanci, a taurara shokazoba don kada motar ta riƙa sunkuyo da ɗagowa. A baya kuma akan kafa tsayayyun fikafikai. Aikinsu irin na wutsiyar kibiyar nuna iska ce da ke tashar yanayi ta makaranta: faffaɗan gefen yana baya, don haka iska da kanta take mai da hanci gaba.

Gwaji da kiyaye rai

Gwanaye suna sake abu ɗaya ne a kowane gwaji, su rubuta abin da suka sake da abin da ya biyo baya. Wanda ya taɓa abu uku a lokaci guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Ana hawa gudu mataki-mataki, ana auna shi da 'yar na'urar GPS da ake ɗaurawa a motar. Totur a hankali ake jansa, a hankali kuma ake sakinsa, domin sakinsa farat ɗaya yana tura nauyi gaba, ƙafafun baya su yi sakayau. Hatsari da yawa bayan an kai ƙololuwar gudu suke faruwa, lokacin da direba ya ɗauka aiki ya ƙare.

Kalmar wasa kada ta ruɗi kowa. Mota mai kilo biyar a kilomita 160 a awa tana ɗauke da ƙarfin da za ta samu in an sako ta daga tsayin mita 100, wato bene mai hawa talatin. Tana iya karya ƙafa, tana iya kisa. Don haka ba a yin wannan gudu a hanyar da jama'a suke bi. Ana share fili, 'yan kallo su tsaya bayan shinge, a sa mai lura a ƙarshen hanya, a kuma saita motar ta yanke wuta da kanta idan saƙon rediyo ya katse.

Abin da za a gwada a aji

Malami ba ya bukatar motar rimot kafin ya nuna waɗannan ƙa'idoji. Ɗalibi ya riƙe rula a tsaye, wani ya buɗe yatsu a ƙasanta, a sake ta ba sanarwa. Idan ya cafke ta bayan ta faɗi santimita 20, jinkirinsa sakan 0.2 ne, idan santimita 30 ne kuwa, kusan rubu'in sakan. Daga nan ɗalibai su lissafa tafiyar da mota za ta yi a wannan lokaci a gudu iri-iri. Haka kuma a ja layi a filin makaranta, a rufe wa ɗalibi ido ya tura baro, wani yana ce masa hagu ko dama. Muddin yana tafiya a hankali zai bi layin. Da ya ƙara sauri za a ga lilon ya fara, za a kuma ga cewa yana raguwa idan mai turawa ya riƙa yin ƙananan gyare-gyare.

Kammalawa

Ƙa'idar da take kifar da motar rimot ita ce take aiki a kan babbar hanya. Tun 1995 kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fara sa wa manyan motoci tsarin da yake auna juyin hanci da jairo, ya taka birkin ƙafa ɗaya don ya daidaita motar, kuma yau ya zama ruwan dare a sababbin motoci. Amma ba ya ƙara wa taya riƙo. Direban da yake kilomita 120 a awa yana bukatar da'ira mai ninki huɗu na wadda mai kilomita 60 yake bukata, kuma fizgar sitiyarin da za ta kauce wa rami lafiya a cikin gari ita ce za ta wuntsila mota a bayan gari. Mai motar rimot idan ya yi kuskure, tsintar tarkace yake yi ya koma teburin gyara. Wanda yake ɗauke da fasinjoji ba shi da wannan dama, don haka ya fi kowa bukatar sanin abin da ɗan lambar 2 da ke saman v yake nufi.